Sukari da Wake, Ruwa da Mai

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan ajin 1988 ya gabatar a wajen taron shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Da Sakataren Ƙungiya ya aiko mini da takarda cewa ni zan yi jawabi a taron bana, sai na buga masa waya na ce ko dai ɓatan kai takardar ta yi. Ajinmu akwai likitoci, akwai alƙali, akwai masu digiri uku-uku, ni kuwa tayil nake sayarwa a Ƙofar Ruwa. Ya ce ai saboda haka aka zaɓe ni, wai in zo in ba da labarin ƙasar Sin da yadda ake shigo da kaya. To, zan ɗan saɓa masa. Mai son jin kuɗin kwantena ya same ni a shago. Yau zan yi magana ne a kan waɗansu 'yan karin magana da na tsinto a bakin wani tsoho a can, da abin da suka jawo mini. Ga Malaminmu na Hausa nan zaune a gaba, Allah ya ƙara masa lafiya. Shi ne ya taɓa ba ni 3 cikin 20 a jarrabawar karin magana. Ina fata in na gama zai ƙara mini ko da maki biyu ne.

Na fara sauka birnin Guangzhou, wanda bakinmu ya mayar Gwanzu, a shekarar 2005. Shi ne babban birnin lardin Guangdong a kudancin ƙasar Sin, shi ne kuma Turawa suka daɗe suna kira Kanton. A 1957 aka soma wani gagarumin bajekoli a cikinsa, wanda ake yi sau biyu a shekara, ɗaya ya fara a watan Afrilu, ɗaya a Oktoba. A wancan lokaci baƙon da ya fito daga wajenmu unguwar Xiaobei yake fara nema, domin nan zai sami abincin halal, ya ji Hausa da Faransanci a bakin titi, ya kuma sami wanda zai kama hannunsa ya kai shi kasuwa. Ciniki kuwa ba ya bukatar baki. Mai kaya ya danna kuɗi a kalkuleta, kai ka goge ka danna naka, ya dafe kai kamar an aiko masa da mutuwa, ka juya za ka tafi, ya jawo rigarka. Akwai mutanenmu da suka shekara goma suna zuwa ba su da kalma biyar ta Sinanci, kuma sun yi arziki.

Abin da da yawanmu ba mu lura da shi ba shi ne, harshe biyu ke yawo a garin. Akwai Sinancin gwamnati, wanda ake kira Mandarin. Shi ake koyarwa a makaranta, shi kuma yaran shago ke yi, tun da yake akasarinsu 'yan ci-rani ne daga waɗansu larduna. Sa'an nan akwai harshen 'yan ƙasa, wanda ni nake ce wa Kantonanci, shi ne kuma ake yi a Hong Kong da Macau. Kada ku ɗauka bambancinsu irin na Kananci da Sakkwatanci ne. Wanda ya iya ɗaya kurum ba zai ji ɗayan ba. Masu shi kuwa suna kishinsa ƙwarai. A watan Yuli na 2010 har kan titi mutane suka fito a Gwanzu, saboda an kawo shawarar a rage shi a talabijin ɗin birnin a ƙara Mandarin.

Tayil a Foshan ake yin sa, wani gari da ke manne da Gwanzu wanda ya yi suna a aikin yumɓu tun ƙarnuka da dama. Can na haɗu da tsohon da nake ba ku labari. Yana da ɗakin ajiyar kaya, kowa kuma yana kiransa A-Suk, watau Baffa, ƙanen uba, ni ma haka na bi. Haifaffen wurin ne, Mandarin ɗinsa kuwa bai fi Turancina na fom wan ba. Ranar farko na kwaɓa masa ɗan Mandarin da na haddace, ya amsa da nasa harshe, muka yi ta nuna juna da hannu. 'Yarsa, wadda ke riƙe masa littafin lissafi kuma tana jin Turanci, ta yi dariya ta ce: gai tung ap gong. Na ce me ke nan? Ta ce, kaza ce da agwagwa suke zance. Wannan shi ne karin maganar Kantonanci na farko da na rubuta a bayan rasit. Zan riƙa faɗa muku su ne yadda kunnen Bahaushe ya ji, ba yadda masanansu ke rubutawa ba.

Mu Hausawa muna da wata riba da Bature ba shi da ita, watau harshenmu yana da karin sauti. Malam ya koya mana kuka na hawaye da kuka ta miya, wuya ta wahala da wuyan da ake rataya laya. Haruffa ɗaya, hawa da saukar murya ne suka raba su. To, mu uku gare mu: na sama, na ƙasa, da mai faɗuwa. Mandarin yana da huɗu. Kantonanci shida gare shi. Kalmar saye da kalmar sayarwa duk mai ce, a ja wasalin. In muryarka ta taso daga ƙasa ta ɗan hau, saye kake yi. In ta kwanta a ƙasa ba ta motsa ba, sayarwa kake. Na yi wata uku ina gaya wa tsohon nan cewa na zo in sayar masa da tayil ɗinsa, shi kuwa bai taɓa gajiya da dariya ba.

Karatun namu a bakin butar shayi aka yi shi. Mutanen Kanton ba sa magana mai muhimmanci sai da shayi, irin nasu marar sukari marar madara, a 'yan ƙananan kofuna. In aka zuba maka, ba sai ka katse hira da godiya ba, sai ka ƙwanƙwasa tebur da yatsu biyu. A nan na lura cewa tsohon ba ya ce wa kowa aboki haka kawai. Kowane mutum da ajinsa. Wanda aka daɗe tare shi ne lou yau, tsohon aboki. Waɗanda ba sa haɗuwa sai wajen shashanci, ju pang gau yau, abokan alade da kare, kun ga ba sai na yi sharhi ba. Amini na ƙut-da-ƙut kuwa sei dong ne. Dong ita ce ƙungiya ko jam'iyya, sei kuwa mutuwa. Wannan ta ba ni mamaki, domin mutanen nan tsoron ambaton mutuwa gare su, har lamba 4 suke gudu a lambar waya da hawan bene saboda sunanta ya yi kama da kalmar mutuwa. Amma da suka tashi raɗa wa amini suna, sai suka ɗauko abin da suka fi tsoro suka liƙa masa. Na ce wa 'yarsa ta gaya masa mu ma muna da mutu-ka-raba, takalmin kaza. Sai da na zana ƙafar kaza a takarda kafin ya gane, da ya gane kuwa ya sa aka rubuta masa.

Wata rana ya tambaye ni, wane ne wannan da kullum nake buga wa waya, ko ana tsakiyar loda kaya? Na ciro wani tsohon hoto daga jakata, wanda aka ɗauke mu a bakin ɗakin kwananmu muna aji huɗu, na nuna masa. Ya dubi hoton ya ce: tong ci dau. Tong sukari, ci mannewa, dau wake. Sukari ya manne da wake. Ku tuna kantun riɗi ko alewar gyaɗa, yadda in ka so ɓamɓaro ƙwaya ɗaya sai ta taho da 'yan uwanta. Na maimaita, suka fashe da dariya, domin na ɗaga murya a kan tong, ita kuwa in ta hau sama romo take nufi. Na dai gyara. 'Yar ta buɗe baki ta ce ai maganar tana da ƙarashe, tsohon ya ɗaga mata hannu, ta yi shiru. Ban matsa ba.

Mutumin da ke cikin hoton yana cikin wannan ɗaki. Ba zan ambaci sunansa ba, ko da yake da izininsa nake wannan magana, kuma 'yan ajinmu duk sun riga sun waiwaya suna kallonsa. Tif da taya kuke ce mana. Gadonsa na sama, nawa na ƙasa. Kwano ɗaya muke jiƙa kwaki, in ƙuli-ƙuli ɗaya ya rage a raba shi da haƙori. Ranar da na ɓatar da farin wandona ana gobe duba tsabta, nasa na sa, shi ya kwanta ya ce zazzaɓi yake yi. Firfet ɗin da ya kai shi asibitin makaranta ranar, ga shi can yana dariya, yau dai ya ji gaskiya.

Kafin in kai ga ƙarashen maganar, bari in ba ku labarin tukunya. Mutanen Kanton suna da wata tukunyar ƙasa mai kauri da hannu ɗaya, wadda akan ɗaure da waya don kada ta tsage, sunanta sa bou. A ciki suke dafa shinkafa, a ɗora nama a kai, a bar ƙasan ya yi ƙanzo. Matsalar ita ce naman galibi na alade ne. Saboda haka shekara biyu ina zuwa wurin tsohon, shayi kurum nake sha, in an kawo abinci in ce na ƙoshi. Bai taɓa tambayata dalili ba. Ran nan a 2007 na zo, sai na ga sabuwar tukunya dal an jiƙa ta a ruwa, yadda suke yi kafin a fara ɗora ta a wuta. Ya aiki yaro har Gwanzu ya sayo kaza a wurin Musulmi. Ya sa 'yarsa ta gaya mini cewa wannan tukunya tawa ce, ba abin da zai taɓa shiga cikinta sai abin da nake ci, an kuma ware mata cokali da mazauni. Muka ci tare, ni da shi, daga cikinta. Da muka kai ga ƙanzo ya ce: sa bou hing dai. 'Yan uwan tukunyar ƙasa. Ya ce magana ce ta talakawa, ta 'yan ƙwadago waɗanda ba su da abin da ya wuce tukunya ɗaya, in an samu a ci tare, in an rasa a kwana tare. Jama'a, ban san lokacin da kwanon kwakinmu ya faɗo mini a rai ba.

Yanzu ga inda maganar take. A ƙarshen 2015 na loda kwantena biyu na aika wa aminina ya sayar. Ni da dala na sayi kayan, a raina kuma dala za ta dawo mini. Shi kuwa da na faɗa masa kuɗin a waya, sai ya buga shi a naira bisa canjin ranar, ya rarraba kayan bashi a kan wannan lissafi. Ba wanda ya rubuta kome. Ina ni ina cewa tif ya sa wa taya hannu a takarda? Kunya ma ba za ta bari ba. Kun san abin da ya biyo baya. A watan Yuni na 2016 Babban Banki ya saki dala daga naira 197, ta haura 280 a yini guda, a farkon 2017 kuwa sai da ta wuce 500 a kasuwar canji. Da kuɗin suka gama taruwa ya kawo mini, cif yadda ya lissafa, ba su sayi kashi biyu cikin uku na dalar da na zuba ba. Na ce ya ci amanata. Ya ce na mai da shi ɓarawo bayan ya yi mini wahala kyauta. Aka faɗi maganganun da ba na maimaitawa a gaban malamai. Daga nan ko a jana'iza muka haɗu, sai kowa ya nemi sahun da ɗayan ba ya ciki. Waɗansunku sun yi ƙoƙarin sulhu, Allah ya saka, mu ne muka ƙi.

Da na koma Foshan na kwashe labari na gaya wa A-Suk, ina jiran ya taya ni baƙin ciki. Sai ya dubi 'yarsa ya ce, yanzu ta ƙarasa mini maganar nan. Ashe cewa suke yi: in ana shiri, tong ci dau, in an ɓata, soi kau yau. Ruwa da mai. Kwano ɗaya, amma kowa da nasa wuri. Kuma ashe sau da yawa da zolaya suke faɗin ta, ga mutanen da mannewarsu ta yi yawa. Sa'an nan ya yi mini tambaya uku. Wa ya faɗi kuɗin? Na ce ni. Da wane kuɗi, dala ko naira? Na yi shiru. Ina takardar? Na ce ai ɗan uwana ne. Ya kaɗa kai ya ce: yan cing wan yan cing, sou muk yiu fan ming. Yan cing shi ne mutunci da alherin da ke tsakanin mutane. Watau mutunci yana nan a matsayinsa na mutunci, amma lissafi tilas ya fito sarari. Ya ce laifina ne, domin ni ne na san da wane kuɗi na sayi kaya. Na ji haushi ƙwarai. A raina na ce, ai dama mutanen nan ba su san kome ba sai kuɗi.

Shekara uku na riƙe wannan ra'ayi. A watan Afrilu na 2020 annobar korona ta rutsa da ni a Gwanzu. Waɗansunku sun ga hotuna a lokacin, 'yan Afirka da jakunkunansu a bakin titi an fitar da su daga gidajen haya da otal-otal, har jakadun ƙasashen Afirka a Beijing suka rubuta takardar koke. Ina cikin waɗanda abin ya shafa. Na yi kwana 14 a killace, aka gwada ni ba ni da kome, amma mai gidan da nake haya ya ce ba zan koma ba. Na buga wa mutane da yawa waya, har da waɗanda muka shekara goma muna ciniki. Wani bai ɗauka ba, wani ya ce in yi haƙuri. Ban zarge su ba, kowa tsoro yake ji. A-Suk ne, yana da shekara fiye da 70, ya sa aka kawo shi da mota. Ya je ofishin unguwarsu ya sa hannu cewa ni baƙonsa ne, in wani abu ya faru a kama shi. Ya share mini ɗaki a saman ɗakin ajiyarsa. Azumi ya kama a ƙarshen watan. 'Yarsa ta nemo lokacin faɗuwar rana a waya, kullum kuwa kafin lokacin ya cika sai in ji takunsa a matakala, yana hawowa a hankali da tukunyar nan a naɗe cikin tawul.

Da hanya ta samu zan dawo gida, ya ɗauko littafi. Akwai sauran kuɗin kayan 2019 da yake bi na. Ya sa aka karanto mini su har yuwan na ƙarshe, bai rage ko ɗaya ba, ya sa na rubuta ranar biya na sa hannu. Na ce to, a ƙara da kuɗin ɗaki da abinci na wata uku. Wallahi ban taɓa ganin ransa ya ɓaci irin na ranar ba. Ya rufe littafin da ƙarfi, ya ce tukunya ba ta shiga littafi. A jirgi na yi ta juya wannan abu. Mutumin da ya ƙi yafe mini yuwan ɗaya shi ne ya sa wuyansa a kaina, kuma bai ga wani saɓani a ciki ba. Ni kuwa na zuba lissafi a cikin tukunya don kunya, da abin ya ƙone na ce tukunyar ce ba ta da kyau. Abin da ya fi ba ni kunya, Malaminmu na Addini, Allah ya jiƙansa, ya sha gaya mana a aji uku cewa aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Na ci jarrabawar, amma sai da na je Foshan wanda ba ya salla ya tuna mini.

Mako biyu da dawowata na sayi littafin rubutu ɗan arba'in, irin wanda muke yin lissafi a ciki, na tafi shagon aminina. Ya gan ni bai ce kome ba, ya dai jawo mini kujera. Muka zauna tun daga Azahar har Magariba muna bin kaya kwali-kwali. A nan na ji abin da ban sani ba, cewa waɗansu da ya ba kayan ba su taɓa biya ba, filinsa ya sayar ya cike kuɗin da ya kawo mini, waɗanda na raina. Shekara huɗu bai gaya wa kowa ba. Muka raba asarar biyu, muka rubuta, maƙwabtansa biyu suka sa hannu. Yau muna ciniki tare, kowace kwantena da takardarta, an kuma rubuta ko dala ce ko naira da manyan baƙaƙe. 'Ya'yanmu suna yi mana dariya, wai tsofaffi biyu suna cin tuwo kwano ɗaya suna ba juna rasit.

Saura magana ɗaya, Shugaba, na ga kana duban agogo. In mutanen Kanton za su rabu sukan ce: dak han yam ca. In an sami sukuni, a sha shayi. Farkon zuwana na ɗauka gayyata ce, har na taɓa shirya wa wani na zauna jira. 'Yar A-Suk ce ta fahimtar da ni cewa sallama ce kurum, irin namu na zo mu ci tuwo, wanda aka ce ya fi tuwon daɗi. Ta ce in mutum da gaske yake, zai faɗi rana da wuri. To, mu ma nan an jima za a watse, a yi ta musafaha a bakin mota, sai na zo, zan neme ka, a gai da iyali. Bara haka muka yi, kuma a cikin waɗanda muka yi wa wannan alkawari akwai wanda sai bayan an binne shi muka ji.

Saboda haka ni zan faɗi rana. Asabar ta farko a watan gobe, bayan sallar La'asar, a gidana. 'Yan ajin 1988 ba uzuri, sauran kuma ƙofa a buɗe take, Sakatare yana da kwatance. Da na je gai da A-Suk a 2023 ya ba ni tukunyar na taho da ita a hannu, ta iso lafiya. Mutum biyu kurum take ciyarwa, saboda haka sauran jama'a garau-garau za su ci, sai dai a bi layi a ɗanɗana ƙanzo. Malam, za a aiko da mota ta ɗauke ka, ka taho da jan biro.